Gurumin Kawu a Cikin Akwatin Ƙarfe

Yayana, ɗan baffana, shi ya kawo sintin nan, wato piyano mai aiki da lantarki, Madarumfa. Shofer ne, yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da bakin teku, kuma ba ya dawowa hannu rabbana. Yau agogon bango marar allura, gobe fanka mai fiffike biyu. A wata tafiya ya tarar makaɗan wani otel sun watse, an jibge kayan kiɗinsu a bayan kicin ƙura tana ci. Ya tuna ina ɗan taɓa piyano tun ina makarantar horon malamai, sai ya roƙo mini ɗaya, ya naɗe shi da bargo, ya cusa tsakanin buhunan gishiri.

"Ga piyanonka, Mushe," ya ce yana sauke shi a ƙofar gida. "Nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi. In bai yi kiɗi ba, ka yi benci da shi."

A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina koyarwa a lakwal ɗin firamare, inda ake ce wa malami Mushe, ban daɗe da aure ba. Na warware bargon ina ta kallo. Dogo ne, jikinsa ƙarfe, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu. Babu lasifika a jikinsa. Sama da haƙoran da ake dannawa akwai jerin buton shafaffu, ba su taso ba, kamar an zana su a kan leda. Akwai wata ƴar taga ta gilas da ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba, inda rubutu yake fitowa layi biyu, kuma ba ta da hasken kanta, sai ka karkata ta wajen ƙofa kafin ka karanta. Can saman murfin an zana wasu ƴan akwatuna masu lamba, an ɗora wasu a kan wasu, jeri-jeri har ƙarshe. Babu littafin bayani, babu komai sai igiyar kuran, wato wayar lantarki.

Gidanmu ba mu da wuta. Amma ina da aboki mai cajin bateri kusa da tasha, yana da gurup, wato janareta, da yake tayarwa daga hantsi zuwa la'asar, da wani tsohon ampili mai ƙara sauti da bafil guda, wato lasifika, da wani mai bidiyo ya bari bai dawo ba. A bayan shagonsa na ajiye sintin a kan tebur, tsakanin batura da kwalaben asid.

Ranar da muka fara kunna shi, masu jiran mota suka cika ƙofar. Na danna buton na farko na taɓa haƙori, sai wani sauti ya fito, tsaf, kamar an ɗiga ruwa a tasar tagulla. Piyano ne, amma da ƙyallin gilas a bakinsa. Na sauya, na sami wata murya mai kauri da ta sa gwangwanayen da ke kan kanta rawa. Akwai ƙararrawa iri-iri, akwai sarewa, akwai wani kukan jirgin ƙasa da ya sa wata mai tallan ƙuli-ƙuli ta ja da baya. Abin da ya fi burge ni shi ne yana jin hannu. In ka taɓa a hankali ya yi magana a hankali, in ka buga da ƙarfi ba ƙara kawai yake yi ba, muryar ce take buɗewa ta yi kaifi. Kuma zafin bazara bai dame shi ba. Kayan kiɗinmu na fata da tsirkiya kullum sai an ja an sassauta, shi kuwa yadda ka bar shi jiya haka za ka tarar da shi yau.

Wahalar ta fara ne ranar da na so in gyara wata murya. Na ji sarewar ta yi tsini da yawa, na ce bari in rage. Na lalubo buton ɗin shiga ciki, sai taga ta nuna kalma ɗaya guntuwa da lamba ɗaya. Akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa sama da ƙasa. Na tura, lambar ta ƙaru, ban ji komai ba. Na ƙara, ban ji komai ba. Na ƙara kaɗan, sai sarewar ta koma kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Na yi ƙoƙarin komawa, na manta inda na taso. Kalmomin da Ingilishi suke, kuma an yanke musu wutsiya don su shiga tagar, ni kuwa Faransanci na karanta. Na ɗauko malamin Ingilishi na kolej, ya sa tabarau ya duba ya ce, "Kowace kalma na san ta, amma ban san abin da suke yi tare ba."

Haka na yi ta fama makonni. Abin haushin shi ne ba ka ganin komai gaba ɗaya. Kamar a ce ka zaga gari kana leƙe ta kafar mabuɗi. A ƙarshe na haƙura, na tsaya ga muryoyin da na tarar, ina kaɗa wa yara waƙoƙin rufe makaranta. Da haka zancen zai ƙare, ba don Kawu ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Manomi ne, yana da lambu a bakin tafki, amma abin da aka san shi da shi gurumi ne. Ba ya bin masu sarauta. Manoma yake yi wa waƙa a wajen gayya, da masunta in sun fito da kamu mai kyau, da masu biki in sun kira shi. Damina biyu kafin zuwan sintin, ya faɗi a lambu yana ban ruwa. Ciwon ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, baki ya dawo, hannun ne ya ƙi. Gurumin ya zauna a rataye har fatarsa ta tsage. An taɓa kawo masa wani makaɗi daga Ɗan Issa don ya riƙa yi masa kiɗi shi yana waƙa. Suka gwada yini guda, Kawu ya sallame shi. Ya ce mutumin gwani ne, amma gurumin nasa ƙarami ne mai muryar budurwa, kuma ba ya son a gyara masa. Daga nan bai ƙara buɗe baki da waƙa ba.

Wata safiya a farkon hutu, yana dawowa daga likita, ya ji ƙara ya leƙo shagon. Na tashi na ba shi kujera. Ina sauya masa muryoyi yana saurare, fuskarsa ba yabo ba fallasa, har na zo kan wata mai kama da tsirkiyar da aka fizga.

"Tsaya nan," ya ce. "Sake."

Na sake.

"Wanga ya so ya zama gurumi, an yaye shi da wuri. Ana iya gyara shi?"

"An ce ana iyawa, Kawu. Ni dai ban iya ba."

"Kai da kake koya wa ɗiyan mutane? To gobe ina nan tahe."

Ya zo kuwa, kuma ya ci gaba da zuwa duk safiya, sai ranar Juma'a. Saboda rurin gurup, abokina ya samo mana abin sa wa a kunne. Har yanzu ina ganin Kawu zaune a kan kujerar roba, abin nan a kan hularsa, idonsa a rufe, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ni ina dannawa, shi yana yanke hukunci.

"Ya yi ƙarhe."

Na juya lamba.

"Yanzu kuma ya zama kwaɗo."

Na mayar.

"Wutsiyarsa ta yi tsawo. Gurumi ba ya jan magana, ya hwaɗi ya yi shiru."

Da farko harbin iska kawai nake yi. Abin da ya buɗe mini ido ya zo ne bisa kuskure. Gwiwar hannuna ta danna wani buton, sai sautin ya koma fiɗis, siriri kamar fito. Na sake dannawa ya dawo. Ashe muryoyi shida ne a cikin kowane sauti, kuma ana iya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Nan da nan na ɗaga kai na dubi zanen akwatunan nan na saman murfi, waɗanda na ɗauka ado ne. Kowane zane akwatuna shida ne. Ranar ban koma gida cin abincin rana ba. Na kashe wannan, na kunna wancan, har na gane cewa akwatin da ke ƙasa shi ne mai magana, na samansa ba a jin sa ko kaɗan, aikinsa kawai ya matse na ƙasan ya sauya masa murya, kamar yadda za ka toshe hancin mutum yana magana. In ka ƙara wa na ƙasa ƙarfi, ƙara ce ke ƙaruwa. In ka ƙara wa na sama, kaifi ne ke ƙaruwa. Shi ya sa a da nake tura maɓalli ban ji komai ba, ko in ji bala'i. Ban san ma wane akwati nake taɓawa ba.

Bayan wannan sai na gano wata. In lambar na sama cikakkiya ce, ɗaya ko biyu ko uku, sautin yana fitowa kamar tsirkiya ko algaita. In ta zo da ɓarɓashi a bayanta, sai ya koma ƙararrawa ko tasa. Daga ranar, in Kawu ya ce "ya yi ƙarhe," na san inda zan nufa. In ya ce "babu hwarce," sai in sa akwatin sama ya cije da ƙarfi a farkon sauti ya saki nan take, sai ka ji kamar farce ya kama tsirkiya. In ya ce "babu ƙwarya a cikinsa," sai in ɗauko wata murya ta ƙasa, mai taushi, in sa ta yi ɗan gunji ta mutu da wuri. Maganarsa ta zama tana da ƙofar shiga cikin injin.

Kada a ɗauka abin ya zama da sauƙi. Tashin sauti da mutuwarsa kaɗai lambobi takwas ne ga kowane akwati, kuma babbar lamba a wani wuri sauri take nufi, a wani wuri ƙarfi. Sai ka gyara ƙasan haƙora, saman ya koma kamar kukan sauro. Buton ɗin nan shafaffu wani lokaci sai ka danna da babban yatsa har farce ya yi fari kafin su ji. Akwai ranar da Kawu ya cire abin kunnen ya ce wanda ya ƙera wannan abu ba ya son mutane. Akwai ranar da ni ma na yarda da shi. Amma lokacin da gero ya fara fitar da kai, mun kai inda ya saurara da kyau, sannan ya ce, "To. Ɗan uwansa ne."

A wajen Kawu wannan yabo ne babba. Na adana sautin a gurbi na farko, na tafi gida ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Kwanaki kaɗan bayan haka na kunna sintin da safe, na tarar sunayen da ke cikin taga sun koma wasu alamomi marasa kan gado. Na danna haƙori, sai huci kamar maciji. Na sauya gurbi, huci. Na bi su duka. Piyanon gilas, sarewa, ƙararrawa, gurumin da muka sha wuya a kansa, babu ko ɗaya. Na zauna a kan bateri ina kallon bango.

Na ɗauke shi a cinya cikin taksi zuwa Maraɗi, wajen wani mai gyaran talabijin. Ya kwance murfin, ya nuna mini wani ɗan pil, wato ƙaramin bateri, kamar kwabo, manne a jikin allon. Ya ce shi ke riƙe da ƙwaƙwalwar, kuma ya mutu da tsufa. Ya samo wani ya liƙa da dalma.

"Jikin ya warke," ya ce, "amma abin da ke ciki ya tafi. Da akwai wani ɗan kartushi da ake zuwa da shi, a ciki ake maido da su. Kana da shi?"

Ba ni da shi. Na dawo da akwati mai murya guda, fiton nan siriri, ba wani abu.

Na je gidan Kawu in faɗa masa, ina jin nauyin bakina. Yana zaune a inuwar darbejiya, Inna matarsa tana ɓarar gyaɗa a gefensa. Ya saurare ni har na gama.

"Kai ka mutu?" ya ce.

"A'a, Kawu."

"Ni ma ban mutu ba. Gurumi nawa ka san na hwasa a rayuwata? Ƙwarya ce, ana sake wata."

Washegari muka zauna a gaban fiton nan. Abin mamaki, hannuna ya san hanya. Na zaɓi zanen da ke da hasumiya uku, biyu-biyu. Na ba ɗaya tsirkiya, na ba ɗaya ƙwarya. Ban tuna lambobin da ba, amma na san abin da kowace take yi, sai kunne ya riƙa kai ni. Aikin da ya ci mana rabin damina, kafin Juma'a ta zagayo mun kamo shi, har mun wuce. Farawa daga fili ya fi gyaran ginin wani sauƙi, domin babu abin da ke ciki wanda ba ni na sa shi ba. A ranar na fara jin sintin nawa ne. Piyanon gilas dai na yi ta ƙoƙarin maido da shi daga baya, na sami wani abu mai kama da shi, amma har yau ban kamo ƙyallin na farko ba.

Hasumiya ta uku ta zauna ba aiki, har ranar da Inna ta biyo ta tasha za ta kasuwa, ta tsaya ta ga abin da ke hana mijinta zaman gida. Muka sa mata a bafil. Ta karkata kai.

"Ina akayau?" ta ce.

Kawu ya buɗe ido ya dube ta. Akayau ƴan ƙarafuna ne da yake maƙalawa a ƙarshen sandar gurumi, suna ɗan kaɗawa duk lokacin da aka fizgi tsirkiya.

"Ni daga madafa nake jin ka shekara da shekaru," ta ce. "Kafin tsirkiya ta iso, su nake fara ji."

Shi da yake riƙe da gurumin ya saba da su har ya daina jin su. A cikin zanen akwai akwati ɗaya da layi ya fita daga gare shi ya zagayo ya koma cikinsa. Na daɗe ina gudunsa, domin in ka ƙara masa lamba sai ya yi ta shuuu kamar rediyon da ya rasa tasha. Ranar na ƙure shi, na sa ya yi gajere ƙwarai, na rage masa ƙarfi har ya kusa ɓacewa, na kuma sa shi ya fito sosai sai in an buga da ƙarfi. Na fizgi haƙori ɗaya. Inna ta ce, "Yawwa," ta ɗauki kwandonta ta wuce.

Kawu ya share ido da bayan hannun hagu, ya yi gyaran murya, ya ja baiti ɗaya na wata waƙar masunta. Abokina ya bar batura ya leƙo.

Saura kiɗin kansa. Murya daban, hannu daban. Kawu ya koya mini da baki, yana yi mini "din-di-rin, din-din," hannuna na hagu yana riƙe da uwar tsirkiya mai maimaita abu ɗaya, na dama yana yawo. Na kama da wuya, amma na kama. Sai muka ci karo da abin da babu lambar da za ta gyara. A waƙoƙinsa akwai wata murya da ta faɗa tsakanin haƙora biyu. In na danna farin, ya ce na yi ƙasa. In na danna baƙin, ya ce na yi sama. Kuma shi yana son ya zame zuwa gare ta ne, ba ya faɗa mata kai tsaye ba. A gefen hagu na sintin akwai wata ƴar ƙafa kamar ta keken ɗinki ƙarama, in ka mirgina ta sautin ya lanƙwasa sama ko ƙasa, in ka saki ta koma tsakiya. Ita ce maganin, amma hannuwana biyu duk suna kan aiki. Na gwada da ƙaramin yatsa, na gwada da gwiwar hannu, abin ya zama wasan yara.

Kawu yana kallona ina ta murɗe-murɗe. Can ya jawo kujerarsa zuwa hagu da ni.

"Matsa. Mi ake yi mata?"

Na nuna masa. Ya ɗora babban yatsansa na hagu a kai. Na fara kiɗi, da muka iso wurin sai ya mirgina ta kaɗan, sautin ya zame ya zauna daidai inda yake so. Tun karon farko. Ai a gurumi hannun hagu ne ke danne tsirkiya yana neman murya, na dama fizga kawai yake yi. Hannun da ya san waƙoƙin nan lafiyarsa lau, wurin zama ne ya rasa. Na ƙuntata tafiyar ƴar ƙafar don kada ta yi nisa, shi kuma ya shiga wasa da ita, yana girgiza ta a ƙarshen baiti har sautin ya yi rawa kamar da. Ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun kafin ciwonsa.

"Kai ne hannuna na dama," ya ce. "Kada ka yi girman kai, hwarce ne kawai."

Bayan an shigar da amfanin gona, wani babban manomi na Safo, wanda Kawu ya sha yi wa waƙa a gayya, ya aiko zai aurar da ɗansa. Ya ce ya san halin da ake ciki, ba waƙa yake nema ba, Kawu ya zo ko zama ya yi a ga fuskarsa. Kawu ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa muna tahe, ya share huri mai inuwa."

Amalanken jaki biyu muka yi. Ɗaya ya ɗauki gurup da bafil da abokina, ɗaya ya ɗauke mu da sintin a naɗe cikin tabarma. Muka isa bayan azahar. Aka kai gurup bayan rumbuna, aka ja dogon fil, wato wayar wuta, zuwa gindin wata gawo inda aka shimfiɗa tabarmi. Aka yi sallar la'asar, mutane suka taru. Ina jin wasu dattawa suna cewa wai yau mai gurumi ya zo da rediyon Nasara. Wani ya ce tsufa ke nan.

Na danna gurbin da ba shi ba, na taɓa haƙori, sai wata ƙararrawa da na ƙera don yaran lakwal ta yi ƙara, tan! Wurin ya fashe da dariya. Wata mata ta ce an tashi makaranta. Kawu bai ko juyo ba.

"Yi hankalinka, ɗana," ya ce ƙasa-ƙasa. "Bari su gama."

Na danna gurbi na farko. Na ja numfashi, na saki uwar tsirkiya ita kaɗai, din, din, din-di-rin. Dariyar ta fara yankewa daga gaba zuwa baya. Na shigo da hannun dama. Kawu ya ɗora yatsa, ya lanƙwasa muryar nan tasa, akayau ya amsa. Wani tsoho da ke bakin tabarma ya miƙe tsaye, ya zagaya bayan bafil ya duba, ya dawo yana girgiza kai.

Sai Kawu ya buɗe baki. Muryar ta ɗan dushe, kuma ɓarin leɓensa ɗaya ba ya tashi sosai, amma kalmomin sun fita ɗaya-ɗaya. Ya kira mai gida da kirarin gonarsa, ya ambaci fadamar da ubansa ya sare, da shekarar da suka yi gayya ruwa ya kama su suka ƙi tashi. Mai gidan, ƙaton mutum mai furfura, ya taso daga cikin baƙinsa, ya karɓi hauya a hannun wani, ya ɗaga ta sama ya shiga taka rawa babbar rigarsa tana jan ƙasa. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Mata suka fito har bakin zaure suna amshi, domin ba wanda ya manta amshin. Ni kuwa na daina jin tsoro, na riƙa buga haƙoran da ƙarfi inda waƙa ta yi zafi, sintin yana buɗe murya yana cizo, in na sassauta ya kwanta. Gumi yana ɗiga a kan buton, ban kula ba.

Waƙa biyar ya yi. A ta ƙarshe ya sa ni ciki, ya ce ɗan ƴar uwarsa ya kama gurumi ya kulle a akwati, ya hana shi tsufa. Mutane suka juyo suna kallona, na sunkuyar da kai ina ci gaba da kiɗi.

Muna naɗe kaya rana tana shirin faɗuwa, wani matashin magidanci ya zo ya durƙusa a gaban Kawu. Ya ce shi masunci ne, ya daɗe da yin gurumi na kansa yana ɓoyewa, ba shi da mai nuna masa. Kawu ya ce ya miƙo hannuwansa. Ya juya su, ya duba faratan.

"Kana jin gyara?"

"Ina ji, Baba."

"To ka zo da shi ranar Lahadi. Ka zo da ƙwarya babba kuma, wanda kake da shi na san ƙarami ne."

A kan amalanke, cinyar rago a cikin kwano tsakaninmu, na jira ya ce wani abu game da kiɗina. Sai da muka fara hango ruwan tafki ya yi magana.

"A ta uku ka yi gudu," ya ce. "Amma ba laihi. Miƙo naman nan."